Afrilu a Kyoto: Sabon Zangon Karatu da Kayan Zaƙin Japan

A ƙasar Japan shekarar karatu a watan Afrilu take farawa, kuma ba makarantu kaɗai ke bin wannan tsari ba, domin shekarar kasafin kuɗin gwamnati ma ranar 1 ga Afrilu take kamawa, kamfanoni kuma a ranar suke karɓar sababbin ma'aikata. Saboda haka da na bar gida jim kaɗan bayan ƙaramar Sallar 2025, na biyo ta Doha na sauka a filin jirgin sama na Kansai, wanda aka gina a kan tsibirin da aka cike a tekun Osaka aka buɗe shi a 1994, sai na tarar da ƙasar baki ɗaya tana haramar fara sabon abu. A tashoshin jirgin ƙasa da muka ratsa kafin mu isa Kyoto, tafiyar kusan sa'a ɗaya da kwata a jirgin Haruka, ko'ina samari da 'yan mata ne cikin baƙaƙen kwat sababbi fil, a bakin rafuka kuwa itatuwan sakura, wato itatuwan ceri na Japan, sun yi fure har ba a ganin rassansu.

Tun ina gida waɗanda suka riga ni zuwa suka ja mini kunne kada in kuskura in ɗauko kilishi, domin dokar Japan ta hana matafiyi shigowa da nama, kuma akwai karnukan da aka horar suna sunsuna jakunkuna a wurin ɗaukar kaya. Sun kuma gaya mini cewa kada in shiga wurin malamina hannu rabbana. Abin da mahaifiyata ta zaɓa mini shi ne kantun riɗi, wanda aka yanka ƙanana aka jera a gwangwani.

Hidimomin makon farko ba su da wani armashi, sai dai babu makawa. Baƙon da ya zo zama dole ya kai katin zamansa ofishin gunduma cikin kwana 14 da samun masauki a rubuta masa adireshi a bayan katin, a nan kuma zai shiga inshorar lafiya ta ƙasa. Na buɗe asusun banki, na sayi keke na hannu aka yi masa rajista da sunana, domin a Kyoto keke ne ƙafar ɗalibi.

Jami'ar Kyoto, inda na zo karatun digiri na biyu a fannin aikin gona, an kafa ta a 1897, kuma ita ce ta biyu a tsufa cikin jami'o'in da ake kira na masarauta, bayan ta Tokyo. Da mutum ya shiga babbar ƙofa zai yi arba da ginin agogo na 1925, a gabansa kuma wani ƙaton itacen kafur wanda shi ne tambarin jami'ar. A kwanakin buɗe zango wannan fili ba ya shiguwa. Ƙungiyoyin ɗalibai, daga masu wasan kwale-kwale zuwa masu kiɗan gargajiya da masu hawan dutse, suna tsayawa a jere suna miƙa wa duk wata sabuwar fuska takardar gayyata, har sai hannun mutum ya cika. Darasin farko yana farawa ƙarfe 8:45 na safe, kowane darasi minti 90 ne, kuma idan aka ce 8:45 to malami yana gaban allo kafin lokacin. Amma ga ɗalibin digiri na biyu aji ba shi ne gida ba. Gidansa shi ne ɗakin binciken farfesansa, inda yake da tebur, inda yake wuni, inda kuma na gaba da shi a karatu, waɗanda ake kira senpai, suke koya masa komai, tun daga yadda ake wanke kwalaben gwaji har zuwa ranar da ake fitar da kowane irin shara.

A tsakiyar ɗakinmu akwai wani tebur da babu mai shi. A kansa ake ajiye butar shayi da tsaraba. Al'adarsu ce duk wanda ya yi tafiya, ko da ta kwana ɗaya ce zuwa taron ilimi a wani gari, ya dawo da kwalin kayan zaƙin da aka san garin da shi, kuma masu sana'ar sun san da haka, shi ya sa suke naɗe kowane guda a takardarsa daban domin a raba wa mutane ba tare da an taɓa na wani ba. A kan wannan tebur na ajiye gwangwanin kantu bayan na gaishe da Sensei, kamar yadda kowa ke kiran malaminmu. Ya ɗauki guda ya gutsura, ya tambaye ni sunansa, sannan ya juya ga ɗalibai yana bayyana musu cewa Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayowa, kuma Najeriya tana cikin manyan ƙasashen da ake sayowa daga gare su. Wannan magana ta faranta mini rai matuƙa. Na san gonakin riɗi a Jigawa, na san yadda ake yanke shi a jingina a bar shi ya bushe kafin a kakkaɓe, amma ban taɓa kawowa a raina cewa ƙwayoyin da ake barbaɗawa a kan shinkafa a wannan gari mai nisa za su iya zama daga can suka fito ba. Kafin la'asar gwangwanin ya koma fanko, kuma waɗanda da safe suke jin nauyin yi mini magana sun fara tambayata yadda ake yin sa.

Cin nasu kayan kuwa sai da na yi karatu. Shagunan da ba sa rufewa dare da rana, waɗanda suke kira konbini, irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, su ne wurin da ɗalibi ya fi zuwa, kuma kayan ƙwalamar da ke cikinsu sun isa su ruɗa baƙo: Pocky, siraran sandunan biskit da aka tsoma a cakulan, wanda kamfanin Glico na Osaka ya fara fitarwa a 1966, KitKat mai ɗanɗanon koren shayi, senbei, wato gasasshen faifan shinkafa mai ƙaras-ƙaras, da Umaibo, sandar masara ta yara, wadda ta zauna a kan yen 10 tun 1979 har zuwa 2022 kafin tsadar kaya ta ɗaga ta, abin da ya zama labari a jaridun ƙasar. Sai dai Musulmi ba ya miƙa hannu haka kawai. Wani ɗalibi ɗan Indonesiya da na haɗu da shi ranar Juma'a a ƙaramin masallacin da ke kusa da tsohuwar fadar sarki ya zaunar da ni ya rubuta mini haruffan da zan riƙa nema a bayan leda: 豚 na alade, 酒 na barasa, da ゼラチン na jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samar da shi. Ya ƙara da mirin, wata barasar shinkafa mai zaƙi da ake girki da ita, da kuma kitse da sinadaran haɗa mai da ruwa waɗanda ba a cika faɗin asalinsu ba. Da wannan 'yar takarda a aljihu na gane cewa soyayyen dankalin leda ma yana iya ɗauke da romon alade, cewa yawancin alewar roba da jelatin ake yin ta, kuma burodi mai laushi na iya zuwa da 'yar barasa da aka sa don kada ya lalace. Rabin abin da na ɗauka a konbini mayar da shi nake yi kan kanta.

Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne tsofaffin kayan zaƙinsu na gargajiya, waɗanda suke kira wagashi. Kyoto ta kasance mazaunin sarkin Japan tun daga shekarar 794 har tsawon fiye da shekara dubu, kuma a hidimar fada da wuraren bauta da majalisun shan shayi wannan sana'a ta girma. Yawancinsu ba su wuce shinkafa da wake da sukari da ruwa ba, babu man shanu, babu kitse, sau da yawa babu ko ƙwai. Tambaya ɗaya ce ta rage a yi wa mai shago, ko an sa barasa ko mirin, kuma a ƙananan shagunan da ake yin kayan a bayan kanta, wanda ya kwaɓa da hannunsa shi ke ba da amsa.

Waken ne ya fi ba ni mamaki. Mu da muka tashi muka san wake da ƙosai da alala da garau-garau, wato da gishiri da yaji da mai, ba ƙaramin abu ba ne a miƙo mana shi an dafa da sukari. Ƙaramin jan wake ne da suke kira azuki, mafi yawansa daga tsibirin Hokkaido ake nomo shi, ko da yake manyan ƙwayoyin da ake nomawa a yankin Tanba, arewa maso yammacin Kyoto, su ne masu daraja da tsada. Ana tafasa shi a zubar da ruwan farko saboda bauri, a sake dafawa har ya yi luguf, sannan a zuba sukari a yi ta tuƙawa a kan wuta. Idan aka bar ƙwayoyin da ɓawonsu sunansa tsubuan, idan aka tace ya yi sumul sunansa koshian, kuma 'yan ɗakinmu sun rabu biyu a kan wanda ya fi, kowane ɓangare yana kare nasa da gaske. Ni dai na tsaya a ɓangaren mai ɓawo, domin a nan ne mutum yake jin cewa wake yake ci, da ƙamshinsa na ƙasa, ba sukari zalla ba.

Wata Asabar senpai ɗina ya ce in biyo shi a keke zuwa Demachi, tsallaken kogi daga jami'a. Tun daga nesa na hango layin mutane ya naɗe sau da yawa a gaban wani tsohon shago mai suna Demachi Futaba, wanda aka buɗe a 1899. Abin da ake jira shi ne mame mochi. Ana turara shinkafa mai danƙo a kirɓa ta har ƙwayoyin su ɓace ta zama curi mai laushi, a cuɗa ta da dafaffen jan wake mai ɗan gishiri wanda yake bullowa ta jikinta, sannan a cusa tataccen azuki a ciki. Muka ɗauki namu muka gangara inda kogin Kamo da kogin Takano suka haɗu, wurin da aka jera duwatsun tsallakawa, wasunsu an sassaƙa su da siffar kunkuru. Kafin in buɗe takardar sai senpai ya nuna mini sama: shirwa ce take shawagi, kuma har alluna aka kafa ana gargaɗin mutane, domin takan sauko ta baya ta fizge abinci daga hannu. Na juya wa kogin baya na rufe nawa da tafin hannu. Yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, garin da aka barbaɗa masa ya manne mini a yatsu, kuma da na gatsa sai fatar ta miƙe kafin ta tsinke. Gishirin waken waje ne ke fara isa harshe, zaƙin ciki ya biyo baya a hankali, ba wanda ya danne wani. Ba a ajiye shi ya kwana, domin babu abin hana bushewa a cikinsa, zuwa gobe ya yi tauri. Shi dai mochi abu ne da ake ci da natsuwa a tauna sosai, domin duk sabuwar shekara hukumomin ƙasar suna gargaɗin tsofaffi saboda yadda yake maƙalewa a maƙogwaro.

Sannu a hankali na lura cewa shagunan nan ba kaya iri ɗaya suke sayarwa duk shekara ba. Abin da ke kan kanta yana bin abin da ke kan itatuwa. A makonnin da sakura ke fure, lokacin da hanyar da ake kira Tafarkin Masanin Falsafa, wadda ba ta da nisa da tsangayarmu, take cika da masu kallon fure, ko'ina sakura mochi ake sayarwa. Irin na yankin Kyoto da Osaka ana yin sa da ɓarzajjiyar shinkafa da aka rina ruwan hoda, a naɗe shi da ganyen sakura da aka jiƙa a gishiri, kuma ana iya cin ganyen tare da shi. Ƙamshin ganyen ne ke riƙe da komai. Tare da shi akwai hanami dango, curi uku a tsinke ɗaya, ruwan hoda da fari da kore. Da furen ya zube, sai waɗannan su fara janyewa daga shaguna, wanda bai ci ba kuma ya jira baɗi. Na ga hikima a wannan, domin abin da ake samu kullum ba a ɗokinsa, kuma na ji mutane suna maganar fitowar wani abin zaƙi da irin murnar da ake maganar dawowar baƙon da aka daɗe ba a gani ba.

Ƙungiyar shayi ta ɗalibai ta shirya zaman maraba ga sababbi, a nan kuma na fahimci dalilin da ya sa ake yin waɗannan abubuwa ƙanana haka. Mun durƙusa a kan tabarmar tatami, aka kawo wa kowa abin zaƙi guda ɗaya tak, an siffanta shi kamar fure, tare da ɗan tsinken itace da ake yanka shi da shi. Ƙa'ida ita ce a cinye shi tukuna kafin a kawo shayi. Shayin shi ne matcha, garin koren ganye da aka niƙa lilis, wanda garin Uji da ke kudu da Kyoto ya yi suna a kansa, ana kaɗa shi da ruwan zafi da maburgin gora har ya yi kumfa, ba sukari ba madara. Shi kaɗai yana da ɗaci sosai. Amma idan ya sauka a kan harshen da zaƙin wake bai gama barinsa ba, sai ɗacin ya lafa, wani ɗanɗano mai daɗi ya fito daga ƙarƙashinsa. Wanda ya ci wagashi ba tare da shayi ba ya ce ya cika zaƙi, rabin abin kawai ya ɗanɗana.

Akwai wani shago a lungun da ke kusa da mahaɗar Hyakumanben, 'yan taku kaɗan daga jami'a, wanda sana'arsa ta burge ni ƙwarai. Sunansa Ryokujuan Shimizu, an kafa shi a 1847, kuma konpeito yake yi, wata ƙaramar alewa mai ƙahonni kamar tauraro. 'Yan Fotugal ne suka kawo ta Japan a ƙarni na 16, har tarihi ya nuna cewa a 1569 wani mai wa'azin Kirista, Luis Frois, ya kai wa babban jarumin zamanin, Oda Nobunaga, kyautarta a cikin kwalba. Ana zuba ƙananan ƙwayoyi a cikin ƙaton kasko mai juyawa a karkace a kan wuta, a riƙa yayyafa musu ruwan sukari kaɗan-kaɗan, suna gangarawa suna bushewa, ƙahonnin suna tsirowa da kansu, kuma kafin a gama zubi ɗaya sai an shafe mako biyu ko fiye. Babu ma'aunin da aka rubuta. Da sautin gangarar alewar a cikin kasko mai sana'ar yake gane lokacin ƙara ruwa. Wasu nau'o'in na musamman da barasa ake yin su, don haka na tsaya a kan masu ɗanɗanon 'ya'yan itace, kuma ƙaramar leda ɗaya ta daɗe a aljihun jakata ina tsotsa a tsakanin darussa.

Wani abin da ya haɗa mini karatu da ciye-ciye shi ne kanten. Da shi ake daskarar da yokan, wato tuƙaƙƙen wake da ake yankawa kamar sabulu, kuma daga ciyawar teku ake samun sa, saboda haka ba shi da matsalar jelatin. Ana ba da labarin cewa a ƙarni na 17 wani mai masaukin baƙi a Fushimi, kudancin Kyoto, ya bar ragowar abincin ciyawar teku a waje cikin hunturu, ya daskare da dare ya narke da rana har ya bushe, daga nan aka gano shi. Wannan kanten ɗin shi ne garin da nake aunawa da safe a ɗakin bincike in dafa in zuba a faranta domin renon ƙwayoyin cutar tsirrai, amfanin da masu bincike a Jamus suka fara yi da shi a shekarun 1880.

Ba komai na ci ba, ba kuma komai ne ya yi mini ba. Mitarashi dango, gasassun curin shinkafa da ake dangantawa da wurin bautar Shimogamo, na bar shi saboda ruwan da ake zuba masa yakan ƙunshi mirin. Shi kansa shoyu, ruwan waken suya mai gishiri, 'yan uwa Musulmi a nan sun bambanta a kansa, wasu suna ci wasu suna kaucewa, kowa da hujjar malaminsa. Yatsuhashi kuwa, wanda shi ne tsarabar Kyoto da baƙi suka fi saya, na fi son gasasshensa mai ƙarfi da ƙamshin kirfa a kan ɗanyen mai kusurwa uku da aka fi tallatawa. A kasuwar Nishiki na koyi cewa ba a tafiya ana ci. Inda ka saya nan za ka tsaya ka cinye, ka miƙa wa mai shago takardar.

A ƙarshen Afrilu aka shiga jerin hutun da suke kira Makon Zinariya, jami'a ta yi tsit. Da aka dawo, teburin tsakiyar ɗakinmu ya cika har ba wurin ajiye kofi: kastela daga Nagasaki, wani kek mai ƙwai da shi ma 'yan Fotugal suka bari, momiji manju mai siffar ganye daga Hiroshima, da biskit ɗin Shiroi Koibito daga Hokkaido. Wannan karon ban fito da 'yar takardata ba, domin wata ɗaliba 'yar shekarar ƙarshe ta riga ta karanta bayan kowane kwali, ta ware waɗanda zan iya ci gefe guda ta manna musu alama, ba tare da na roƙe ta ba. Ni kuma na kawo kashiwa mochi daga wani ƙaramin shago a unguwarmu, wanda ake ci saboda Ranar Yara ta 5 ga Mayu, an naɗe shi da ganyen wani itace da ba ya zubar da tsohon ganye sai sabo ya fito, abin da suke ɗauka alamar ɗorewar zuri'a. Shi wannan ganyen ba a ci, ɓare shi ake yi. Tsohuwar da ke shagon ta gaya mini cewa na gaba a layi shi ne minazuki, mai kusurwa uku kamar gutsuren ƙanƙara da jan wake a samansa, wanda mutanen Kyoto suke ci ranar 30 ga Yuni idan shekara ta raba tsakiya. Na tambaye ta abin da take sawa a ciki, ta lissafa mini da yatsu: garin shinkafa, fulawa, sukari da wake.